Bayan Garin Landan

Bahaushe yana da kunya wajen ambaton abin da cikin ɗan Adam ke fitarwa. Maimakon ya kira shi da sunansa, sai ya kira wurin da ake kai shi, ya ce bayan gida ko bayan gari, ko kuma ya ce wane ya kewaya. Ɗalibin harshe zai lura cewa waɗannan kalmomi duka sun dogara ga zato guda, wato akwai wani fili can baya inda ido ba ya kai wa, wanda zai karɓi abin da aka kai masa ya rufa asiri. A ƙauye wannan zato yana da gaskiya, domin rana za ta busar, ƙasa ta shanye, damina ta sauka gona ta amfana. Rigima tana tashi ne ranar da gari ya cika ya batse, har bayan gidan wani ya zama ƙofar gidan wani. Kaɗan ne daga biranen duniya suka ɗanɗana wannan rigima kamar yadda Landan ta ɗanɗana a ƙarni na 19. A lokacin ita ce hedikwatar daula mafi faɗi a doron ƙasa, tana naɗa gwamnoni tana tura su Indiya da Kanada da gaɓar Afirka, amma ta rasa inda za ta kai bayan gidan mutanenta.

Shekaru aru-aru Landan tana rayuwa ne a bisa ramukan salga. Kusan kowane gida yana da nasa, sau da yawa ma a cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan aka haƙa shi. An ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 19 yawan ramukan ya kai 200,000. Idan rami ya cika sai a kira masu kwasa, waɗanda doka ba ta yarda su yi aiki ba sai dare ya tsala. Ɗaya ya sauka cikin ramin yana cika bokiti, ɗaya yana jan igiya, biyu kuma suna ɗaukar baho zuwa amalanken doki. Kafin gari ya waye sun fice da kayan zuwa gonakin da ke kewaye da birnin, manoma su saya su zuba wa shuka, kayan lambun kuma su dawo kasuwannin birnin a sayar. Duk wanda ya san yadda jakuna ke fitar da taki daga cikin birnin Kano zuwa gonakin karkara da rani ba zai ga baƙon abu a wannan ciniki ba. Tsarin dai bai rasa illa ba. Samuel Pepys, wani ma'aikacin gwamnati da ya shahara saboda littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, ya rubuta cewa a watan Oktoba na 1660 ya sauka ɗakin ƙarƙashin gidansa sai ya tsoma ƙafa cikin najasa, ashe salgar maƙwabcinsa ce ta cika ta malalo masa. Duk da haka, ƙazantar tana da hanyar fita, tana kuma da mai saye.

Haka abin yake ga shara. Da gawayin kwal mutanen Landan suke girki da jin ɗumi, saboda haka mafi yawan sharar gidajensu toka ce. 'Yan kwangila suna tara ta a manyan jujaye, mata da yara suna tankaɗe ta da rariya, a sayar da tokar ga masu yin jan bulo, tsummoki ga masu yin takarda, ƙasusuwa kuma ga masu dafa su su fitar da kitse da gam. Ɗan jarida Henry Mayhew, wanda ya bi talakawan birnin lungu-lungu yana tambayarsu sana'o'insu a wajajen 1850, ya tarar har da masu tsintar kashin karnuka suna kai wa majema a unguwar Bermondsey. Talauci ne ya haifi waɗannan sana'o'i, amma su ne suka riƙe birnin, domin muddin abu yana da kuɗi to ba zai kwana a titi ba.

Abubuwa uku ne suka taru suka karya wannan tsari. Na farko yawan jama'a. A ƙidayar 1801 mutanen Landan kusan miliyan ɗaya ne, zuwa 1851 sun haura miliyan biyu. Gine-gine suka cinye gonaki, tafiyar amalanke ta ƙara nisa, kuɗin kwasa ya hau, masu gidajen haya a unguwannin talakawa suka riƙa barin ramuka suna ambaliya. Na biyu masai na zamani mai tafiya da ruwa. Alexander Cumming ya yi rajistar irin nasa a 1775, Joseph Bramah ya kyautata shi a 1778, masu hali suka rungume shi. A babban baje kolin da aka yi a Landan a 1851, sama da mutum 800,000 suka biya kwabo-kwabo suka shiga masan da George Jennings ya kafa, da yawansu kuma suka koma gida da sha'awar samun irinsa. Sai dai ramin da aka haƙa domin busasshiyar najasa ba zai iya da ruwan da ake kwarara masa dare da rana ba. Na uku kuwa daga nesa ya zo. A shekarun 1840 jiragen ruwa suka fara jigilar kashin tsuntsayen teku daga tsibiran ƙasar Peru, taki mai ƙarfi da sauƙin ɗauka. Manoma suka juya wa takin birni baya, abin da a da ake saye ya koma abin da sai an biya kafin a ɗauke.

Ana cikin haka sai masu neman gyara suka shigo, kuma da kyakkyawar niyya suka shigo. Jagoransu Edwin Chadwick, lauya ne mai naci, wanda a 1842 ya fitar da rahoto kan halin da leburorin Birtaniya ke zaune a ciki, ya nuna da alƙaluma cewa ƙazanta da cunkoso suna rage wa talaka kwana. Amma Chadwick, kamar mafi yawan likitocin zamaninsa, ya yi imani cewa cuta a cikin wari take, wato gurɓatacciyar iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen abu ita ke shiga jiki ta kayar da mutum. In haka ne, magani shi ne a raba gidaje da wari ko ta halin ƙaƙa. Landan tana da tsofaffin magudanai waɗanda aka gina domin ruwan sama kaɗai, har ma laifi ne a zuba musu najasa kafin 1815. Hukumar magudanai da aka kafa a 1848 ta ba da umarnin a toshe ramukan salga, a haɗa gidaje da waɗannan magudanai, a riƙa kora su da ruwa. Dubban ramuka aka rufe cikin 'yan shekaru. Magudanan kuwa bakinsu ɗaya ne, duka a Kogin Thames suke zuba, a tsakiyar birni.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Thames kogi ne da ke jin motsin teku, sau biyu a yini ruwansa yana janyewa, sau biyu yana tumbatsa ya dawo. Abin da aka zuba masa da safe yakan yi ƴar tafiya gabas, da yamma ya komo inda ya fito. Kuma daga wannan kogi ne kamfanoni da dama suke jan ruwan da suke sayar wa gidaje. Cutar kwalara, mai sa amai da gudawa har jiki ya bushe cikin sa'o'i, ta fara shiga Landan a 1832 ta kashe sama da mutum 6,000. Da ta dawo a 1848 zuwa 1849, daidai lokacin da ake kora magudanai cikin kogi da sunan tsafta, ta kashe sama da 14,000. A 1853 zuwa 1854 ta sake ɗaukar sama da 10,000.

Likita guda, John Snow, ya ƙi yarda da zancen wari. Hujjarsa mai sauƙi ce: cutar da ke kama hanji ta baki take shiga, da a iska take da huhu za ta fara taɓawa. Ya wallafa wannan ra'ayi a 1849, ba a kula shi ba. A ƙarshen watan Agusta na 1854 annoba ta ɓarke a unguwar Soho, kusa da gidansa, cikin kwana goma ta kashe mutum wajen 500. Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, amsa ta riƙa komawa ga famfon rijiya guda da ke titin Broad Street. Waɗanda suka tsira ma sun ƙara masa hujja. Ma'aikatan wata masana'antar giya da ke kan titin ba sa shan ruwan famfon, kuma cutar ba ta kashe ko ɗaya daga cikinsu ba. Gidan gajiyayyu da ke kusa yana da rijiyarsa, mutuwa kaɗan aka yi a cikinsa. A can Hampstead kuwa, nesa da Soho, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ta mutu da cutar, aka bincika aka tarar kullum ana kai mata ruwan wannan famfo a kwalba saboda ta fi son ɗanɗanonsa. Ranar 8 ga Satumba hukumar unguwa ta cire hannun famfon. Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, wanda ya shiga binciken da nufin ƙaryata Snow, shi ne ya gano tushen abin: wata jaririya ce ta kamu a gida mai lamba 40, aka wanke tsummokinta aka zuba ruwan a salga, salgar kuma tana yoyo cikin rijiyar da ke dab da ita.

Snow bai tsaya nan ba. A kudancin kogi kamfanoni biyu suna sayar da ruwa a tituna guda, gida yana shan na wannan, maƙwabcinsa yana shan na wancan. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin jan ruwansa sama da birni a 1852, inda najasa ba ta kai wa, shi kuwa kamfanin Southwark da Vauxhall yana ja daga Battersea, cikin birni. Snow ya lissafa mace-macen makonnin farko na annobar 1854, ya samu cewa a cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan kamfani na biyu mutum 315 suka mutu, a na Lambeth kuwa 37. Iska ɗaya suke shaƙa, wari ɗaya suke ji, ruwa ne kaɗai ya raba su. Duk da haka kwamitin gwamnati da ya duba lamarin ya tsaya a kan cewa iska ce. Snow ya rasu a watan Yuni na 1858 yana da shekara 45, ba tare da ya ga an karɓi maganarsa ba.

Hukumomi ba su rasa masu faɗakar da su ba. A watan Yuli na 1855 masanin kimiyya Michael Faraday ya shiga jirgin ruwa a Thames, ya riƙa yaga farar takarda yana jefawa, kafin ta nutse inci guda ta ɓace wa ido saboda kaurin ruwan. Ya rubuta wa jaridar The Times yana gargaɗin cewa in aka yi sakaci, zafi zai zo ya tona asiri. A shekarar aka kafa hukumar ayyuka ta birnin baki ɗaya, a shekarar da ta biyo baya kuma aka naɗa Joseph Bazalgette babban injiniyanta. Ya zana tsarinsa, amma takardu suka yi ta kai da komo tsakanin hukumar da gwamnati, ana gardama kan wanda zai biya da kuma nisan da za a kai bakin magudanan.

Sai bazarar 1858 ta zo da zafin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ruwan kogi ya ja baya, najasar da ta taru a gaɓa ta kwanta a rana tana dahuwa. Ginin Majalisar Dokoki, wanda aka sake ginawa bayan gobarar 1834, a bakin kogin yake, tagoginsa suna kallon ruwa. Aka jiƙa labulaye da sinadarin kashe wari aka rataya, aka yi ta zuba farar ƙasa a bakin magudanai, duk a banza. Jaridu suka ba da labarin yadda aka ga Benjamin Disraeli, ministan kuɗi, ya fito da sauri daga ɗakin taron kwamiti, takardu a hannu ɗaya, hankici a hanci. Ranar 15 ga Yuli shi da kansa ya gabatar da ƙudurin doka, ranar 2 ga Agusta ƙudurin ya zama doka. Cikin kwana 18 aka ba hukumar Bazalgette ikon cin bashin fam miliyan 3 da kuma ikon fara aiki ba tare da jiran amincewar kowa ba.

A nan ne labarin ya fi ɗaci. Mutum sama da 30,000 kwalara ta kashe a Landan cikin annoba uku, mafi yawansu talakawan da ke cunkushe a ƙananan ɗakuna, kuma mutuwarsu ta haifar da rahotanni da kwamitoci masu yawa, amma ba ta sa an saki kuɗin aikin ba. Wari na 'yan makonni ya yi abin da gawarwaki suka kasa, saboda ya shiga hancin masu sa hannu. Ba jin daɗinsu kaɗai 'yan majalisar suke karewa ba. Tun da sun yarda cewa cuta a cikin wari take, sun ɗauka ajalinsu ne ke shigowa ta taga. Jiki magayi, in ji masu iya magana. Kuskuren fahimtar da ya sa aka gurɓata kogin a 1848 shi ne kuma ya tsorata majalisa ta gyara shi bayan shekara goma.

Dabarar Bazalgette ita ce ya tare ƙazantar kafin ta isa kogi. Tsofaffin magudanai suna gangarowa ne zuwa ruwa daga arewa da kudu, sai ya gina manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa suna bin tsawon kogin daga yamma zuwa gabas, suna gitta tsofaffin suna karɓe abin da suka ɗauko. Tsawonsu ya kai mil 82, ga kuma sababbin magudanan tituna na kimanin mil 1,100. Jan bulo miliyan 318 aka yi amfani da su, aka ɗaure su da simintin Portland, wanda a lokacin ba a saba dogara da shi a babban aiki irin wannan ba, shi ya sa Bazalgette ya sa ana gwada ƙarfin kowane kaso kafin a karɓa. Da yawa daga magudanan an yi su da siffar ƙwai, tsinin yana ƙasa, domin ko ruwa ya yi kaɗan ya matsu ya yi gudu ya wanke hanyarsa. Inda ƙasa ta yi kwari aka gina tashoshi masu manyan injunan tururi suna ɗaga najasar sama ta ci gaba da gangara, kamar tashar Crossness da aka buɗe a 1865 da ta Abbey Mills a 1868. A tsakiyar birni kuma aka cike gaɓar kogi aka yi mata bango da dutse, aka binne magudana da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa a ciki, aka shimfiɗa titi da lambuna a sama. Mai yawo a gaɓar Victoria a yau bisa wannan magudana yake takawa.

Gwaji ya zo tun aikin bai ƙare ba. A 1866 kwalara ta dawo ta kashe sama da mutum 5,000, amma wannan karon mafi yawan mutuwar a gabashin birni aka yi ta, yankin da ba a gama haɗa shi da sabon tsarin ba. William Farr, masanin ƙididdiga na gwamnati wanda a da yake cikin masu zancen iska, ya bi sawun mace-macen har ya kai ga matattarar ruwan kamfanin East London da ke Old Ford, inda aka ba mutane ruwan da ba a tace ba. Daga nan ya koma kan ra'ayin Snow. Wannan ce annobar kwalara ta ƙarshe a Landan. Sai a 1883 zuwa 1884 Bajamushe Robert Koch ya tabbatar wa duniya ƙwayar cutar, bayan bincike a Masar da Indiya.

To amma ina aka kai ƙazantar? Bazalgette bai tace ta ba. Ya tura ta gabas ne, zuwa Beckton a arewacin kogi da Crossness a kudu, inda ake tara ta a manyan tafkuna a sake ta ɗanya lokacin da ruwa ke janyewa zuwa teku. Bayan garin Landan ya matsa mil da dama, ya sauka a ƙofar masunta da ma'aikatan tashar jiragen ruwa, waɗanda ba su da taga a majalisa. Ranar 3 ga Satumba 1878 jirgin shaƙatawa mai suna Princess Alice, cike da iyalai masu dawowa daga yawon shan iska, ya yi karo da jirgin dakon kwal mai suna Bywell Castle kusa da wuraren nan biyu, jim kaɗan bayan an saki najasar yamma. Sama da mutum 600 suka mutu a cikin wannan ruwa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, sai ƙorafi ya sake tashi. Daga 1887 aka fara raba ruwan da dusar, a loda dusar a jiragen ruwa a kai ta teku a zubar. Jiragen nan ba su daina wannan zirga-zirga ba sai 1998.

Daular ta fitar da darasin tsafta zuwa ƙasashen da ta mallaka, amma rabinsa ta ɗauko. Kalmar duba-gari a Hausa daga wannan zamani ta samo ma'anar da aka san ta da ita, wato ma'aikacin da ke shiga gida ya leƙa randa da kwata da masai, in ya ga ba daidai ba a ci tarar mai gida. Doka da tara sun iso, masai na bokiti da masu kwasarsa da dare sun iso garuruwa irin su Legas da Akara, amma manyan magudanai irin na Bazalgette ba su biyo su ba. Abin da aka yi a maimakonsu shi ne tazara. A Nijeriya, tsarin garuruwa na zamanin Lugga ya tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kare Turawa daga cizon sauro da cututtuka. Masu mulki sun nisanta hancinsu da gidajensu daga matsalar, saboda haka babu wata bazarar 1858 da za ta tilasta musu kashe kuɗi a kanta.

Ita kanta Landan ba ta gama da lamarin ba. Magudanan Bazalgette najasa da ruwan sama suke ɗauka tare, kuma an yi su ne domin birni mai mutum kimanin miliyan huɗu, ga shi yau mazauna kimanin miliyan tara ne. In aka yi ruwa mai ƙarfi sai su cika su amayar da rarar cikin Thames, kamar yadda aka tsara su tun farko don kada ta koma cikin gidaje. A 2017 ma'aikata suka tarar da wani dunƙulen daskararren mai da tsummokin goge jiki a magudanar Whitechapel, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250, sai da aka yi makonni ana fasa shi. Domin tare wannan ambaliya aka haƙa sabon rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin, aka gama haɗa shi a 2025. Daga yammacin birni ya taso, ya bi ta Abbey Mills, abin da ya ɗauko kuma a Beckton yake ƙarewa, wurin da Bazalgette ya zaɓa tun shekarun 1860, sai dai yanzu ana tace ruwan kafin a sake shi. Dusar da ke saura a matatun Ingila kuwa, mafi yawanta a yau sarrafa ta ake yi a kai wa manoma su zuba a gona, aikin da masu amalanken dare suke yi kafin jiragen Peru su karya musu kasuwa.